MOSI-OA-TUNYA: ABIN DA BAƘO ZAI GANI A MAGANGARAR RUWA TA BIKTORIYA

A wannan wata za mu ɗauke ku daga zangunanmu na Akra da Kumasi da Tamale, mu nufi kudancin Afirka, can kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, inda kogin Zambezi yake faɗawa cikin wani kwazazzabo mai zurfi da rugugin da ake ji tun daga nesa. Wannan wuri shi ne littattafan labarin ƙasa suke kira magangarar ruwa ta Biktoriya.

Da yawa daga cikinmu mun haddace sunan tun muna firamare, mun rubuta shi a jarrabawa, amma in aka tambaye mu me mutum zai yi in ya je can, a wane wata ya kamata ya je, me kuma zai kiyaye, sai mu yi shiru. To, yanzu da 'ya'yanmu da ƙannenmu suke zuwa Lusaka da Harare da Johannesburg don karatu da fatauci da taruka, tambayar ta daina zama ta cikin aji kaɗai. Mutum yana iya tara kuɗinsa na shekara guda, ya je a watan da bai dace ba, ya tarar da busasshen dutse, ko kuwa ya tsaya gaban farin hazo ya jiƙe sharkaf bai ga komai ba. Wannan shi ne dalilin wannan rubutu.

WURIN DA SUNANSA

Kogin Zambezi shi ne na huɗu a tsawo a nahiyarmu, bayan Nilu da Kwango da Kwara. Yana tasowa daga arewa maso yammacin Zambiya, ya ratsa Angola, ya dawo Zambiya, ya goga iyakokin Namibiya da Botsuwana da Zimbabuwe, sannan ya bi ta Mozambik ya faɗa tekun Indiya, tafiyar da ta haura kilomita 2,500. Wajen tsakiyar wannan tafiya ne kogin, yana shimfiɗe da faɗinsa kamar ba abin da zai faru, yake tarar da ƙasa ta tsage a gabansa. Faɗin magangarar mita 1,708 ne, watau fiye da kilomita ɗaya da rabi, zurfinta kuma a wuri mafi tsawo mita 108. Magangarar Wli da muke alfahari da ita a yankin Volta tsayinta kimanin mita 80 ne, saboda haka ba tsayi ne abin mamakin ba. Abin mamakin shi ne a ce labulen ruwa guda ya haɗa wannan tsayi da wannan faɗi.

Masana duwatsu sun bayyana cewa kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce narkakken dutse ya malalo daga cikin ƙasa ya sandare a yankin, ya kuma tsattsage yayin da yake hucewa. Tsagogin suka cika da ƙasa mai laushi. Kogin yakan sami tsaga ɗaya ya rarake ta ta zama magangara, bayan dubban shekaru ya ja da baya ya kama ta gaba. Shi ya sa a ƙasan magangarar ake ganin kwazazzabai a jere suna lanƙwasa dama da hagu, kowanne tsohon mazaunin magangarar ne.

Game da suna kuwa, a makaranta an koya mana cewa David Livingstone ne ya gano wurin ran 16 ga Nuwamba, 1855, ya sa masa sunan Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Gaskiyar magana ita ce shi ne Baturen farko da aka san ya gan shi, kuma mutanen Sarki Sekeletu na ƙabilar Makololo ne suka tuƙa shi a kwale-kwale har tsibirin da ke bakin magangarar. Su tun da can suna kiran wurin Mosi-oa-Tunya, ma'ana hayaƙi mai tsawa. 'Yan ƙabilar Tonga kuma suna da nasu sunan, Shungu Namutitima. Da hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1989, da sunayen biyu ta rubuta shi, na gida a gaba, na Sarauniya a baya. Ya kamata mu malamai mu riƙa koya wa yara haka.

WANE WATA ZA A JE?

Wannan ita ce tambayar farko, tun kafin a yi maganar tikiti. Lokutan shekararsu kishiyar namu ne. Daminarsu tana farawa wajen ƙarshen Nuwamba ta kai Maris ko farkon Afrilu, amma da yake ruwan daga can sama yake tahowa, ta Angola da fadamun yammacin Zambiya, sai ya makara a hanya. Don haka kogin yakan cika ya batse ne daga Fabrairu zuwa Mayu, ya kai ƙololuwa wajen Afrilu. A lokacin an ƙiyasta cewa lita miliyan 500 ke zuba cikin minti guda, feshin ruwan yakan tashi sama da mita 400, a hango shi daga nisan kilomita kusan 50. Wanda ya je a wannan lokaci zai ji ƙarfin abin a ƙirjinsa, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, amma fa a wurare da yawa ba zai ga ruwan da idonsa ba saboda hazo, hoto kuma sai an yi sa'a.

Daga Satumba zuwa Disamba ruwan yakan ja baya ƙwarai, ya fi ƙaranci a Oktoba da Nuwamba, waɗanda kuma su ne watannin tsananin zafi. A lokacin ɓangaren gabas, watau na Zambiya, yakan koma kusan dutse zalla da 'yan zirin ruwa nan da can, amma babban sashen da ake kallo daga Zimbabuwe ba ya ƙafewa. Wanda yake son ya ga ruwa da yawa, ya kuma ga fuskar magangarar sarai, to ya nufi Yuni zuwa Agusta. Sai dai ya tafi da rigar sanyi, gama wannan ne hunturunsu, kuma sanyin asubarsu ya fi wanda muka saba da shi a nan.

KALLO DAGA ƁANGAREN ZIMBABUWE

Kimanin kashi uku cikin huɗu na fuskar magangarar daga Zimbabuwe ake ganinsa. Daga garin Victoria Falls ana iya takawa da ƙafa zuwa ƙofar shiga. Daga nan akwai hanyar ƙafa da aka shimfiɗa, mai wuraren tsayawa 16, tana bin gefen kwazazzabon daura da ruwan. Ana farawa daga mutum-mutumin Livingstone, kusa da sashen da ake kira Devil's Cataract, inda ruwan ya fi rarake dutse, wanda masana suke cewa nan ne mafarin tsaga ta gaba. Daga nan sai babban sashe, sai wanda ya yi siffar kofaton doki, sai na bakan gizo wanda ya fi kowanne zurfi.

Hanyar tana ratsa wani ɗan kurmi mai ban sha'awa. Yankin gaba ɗaya daji ne mai ƙarancin ruwa, amma wannan ɗan ziri kore shar yake rani da damina, domin feshin magangarar yana yi masa yayyafi dare da rana. Akwai ɓaure da kanya da dabinon daji da igiyoyin kurmi, da birai da ƙananan barewa da tsuntsaye iri-iri. Sa'o'i biyu zuwa uku sun isa a zagaya a natse. A ƙarshen hanyar akwai wani wuri da ake kira Danger Point, kuma sunan ba na ado ba ne: dutse ne mai santsi, babu shinge, ƙasansa kuma rami ne na mita 100. A bakin ƙofa ana ba da hayar rigar ruwa. Fasfo da waya da kuɗi a ƙulle su cikin leda tun kafin a shiga.

KALLO DAGA ƁANGAREN ZAMBIYA

Garin Livingstone yana da nisan kimanin kilomita 10 daga magangarar. Ɓangaren nan bai kai na Zimbabuwe faɗin kallo ba, amma ya fi kusantar da mutum ga ruwan. Akwai wata siririyar gadar ƙafa da ake kira Knife-Edge, wadda ta haɗa gaɓa da wani tsinin dutse a tsakiyar kwazazzabon. A lokacin cikar kogi, ƙetare ta kamar shiga cikin ruwan sama ne mai zubowa daga sama da ƙasa gaba ɗaya. Akwai kuma hanyar gangarawa zuwa inda ake kira Boiling Pot, watau tukunya mai tafasa, inda duk ruwan da ya zubo daga faɗin kilomita ɗaya da rabi yake matsewa ta wata ƙuntatacciyar mafita yana juyawa. Gangarawa da sauƙi, hawowa ne aiki, don haka dattijo ko mai ciwon gwiwa ya auna ƙarfinsa. Gwaggon biri sun yi yawa a hanyar, sun kuma ƙware da fizge leda a hannun baƙo. Kada a ba su abinci, kada kuma a yi jayayya da su.

Daga wannan ɓangare ne ake shiga ƙaramin jirgin ruwa zuwa tsibirin Livingstone, inda shi Baturen ya tsaya ya leƙa a 1855. A gefen tsibirin akwai wani gurbi a cikin dutse, dab da bakin magangarar, da ake kira Devil's Pool. Idan ruwa ya ja, daga wajen tsakiyar Agusta zuwa farkon Janairu, wani ɗan tudun dutse yakan tare mai wanka kada ruwa ya wuce da shi, har mutum ya kwanta ya leƙa ramin da idonsa. Wannan shi ne hoton da matasa suke yaɗawa a Facebook. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne sai an yi iyo an ƙetare wani sashe na kogin kafin a kai, kuma ba a zuwa sai da ja-gora mai izini, a ƙaramin rukuni. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a kan tsibirin, kallon da zai yi daga nan ma ya ishe shi labari.

Wani abin da ba a cika samu a wasu wurare ba shi ne bakan gizon dare. Idan wata ya cika, kogi kuma yana da ruwa sosai, hasken farin wata yakan bugi feshin ya fitar da bakan gizo mai dusasshen launi. A irin waɗannan darare akan buɗe ƙofa bayan faɗuwar rana, da kuɗin shiga na daban. Wanda ya san lissafin wata, kamar yadda akasarinmu muka sani, sai ya daidaita tafiyarsa da daren sha huɗu.

GADAR 1905

Ƙasa kaɗan da magangarar akwai gadar ƙarfe da ta haɗa ƙasashen biyu, tsawonta mita 198, tsayinta daga ruwa mita 128. Cecil Rhodes ne ya so a yi ta, cikin burinsa na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Cape zuwa Alƙahira, an kuma ce shi ya nace a gina ta inda feshin ruwa zai riƙa sauka kan taragai. Ya mutu a 1902 bai ga ko harsashinta ba. An ƙera ƙarafan a Ingila, aka kawo su ta jirgin ruwa zuwa tashar Beira, daga nan ta jirgin ƙasa, aka buɗe gadar a Satumban 1905. Otal ɗin Victoria Falls da ke kallonta ya girme ta da shekara guda, a 1904 aka buɗe shi.

Gadar tana da tarihin siyasa da ya kamata ɗalibanmu su sani. A watan Agusta na 1975, ana tsakiyar yaƙin ƙwatar 'yancin Rodeshiya, aka tsayar da tarago a tsakiyarta, daidai kan layin iyaka, aka zauna sulhu tsakanin Ian Smith da shugabannin baƙar fata irin su Abel Muzorewa da Joshua Nkomo da Ndabaningi Sithole. Tawagar Smith ta zauna a gefen teburin da ke cikin Rodeshiya, shugabannin baƙar fata kuma a gefen da ke cikin Zambiya. Shugaba Kenneth Kaunda na Zambiya da John Vorster na Afirka ta Kudu su ne suka haɗa zaman. Taron ya watse ba tare da an daidaita ba, yaƙi ya ci gaba, sai a 1980 Zimbabuwe ta sami 'yanci.

A yau baƙo yana iya karɓar 'yar takardar izini a ofishin kan iyaka ya taka zuwa tsakiyar gadar ya dawo. Akwai kuma zagaye na musamman da ake ɗaura wa mutum igiyar tsaro a bi da shi ta ƙarƙashin gadar, ana ba shi tarihin gininta.

WASANNIN KASADA

A tsakiyar wannan gada ne ake yin wasan nan na ɗaure ƙafafu da igiyar roba mutum ya faɗa ƙasa da ka, nisan mita 111, igiyar ta fizgo shi kafin ya kai ruwa. Dubban mutane sun yi sun tashi lafiya. Amma a ranar ƙarshe ta shekarar 2011 igiya ta tsinke da wata budurwa 'yar Ostireliya, ta faɗa cikin kogin ƙafafunta a ɗaure, da ƙyar ta kai gaɓa da ranta. Mun kawo wannan ne domin duk wanda za a miƙa wa takarda ya sa hannu kafin wasan ya san abin da yake sa wa hannu.

Na biyu shi ne tuƙin kwale-kwalen roba a kwazazzabon Batoka, ƙasa da magangarar. Tun 1981 aka fara ratsa wannan sashe da irin waɗannan jirage, kuma masu wannan wasa a duniya suna lissafa shi cikin mafiya tsanani. Mutum shida zuwa takwas ne a jirgi, kowa da matuƙi a hannu, da hular kwano da rigar hana nutsewa, ja-gora yana ba da umarni daga baya. Wuraren da ruwa yake haukacewa an ba su lamba ɗaya bayan ɗaya, akwai ma na tara wanda baƙi suke sauka su kewaye da ƙafa. Kifewar jirgi ba abin mamaki ba ne a wurin. An fi yin wasan daga Agusta zuwa Disamba, akan kuma dakatar da shi in kogi ya cika ƙwarai. Bayan an gama, sai an hau gangaren kwazazzabon da ƙafa, wajen mita 200, cikin zafin rana. Ba a ɗaukar ƙananan yara. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya faɗi gaskiya tun a ofis, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

TA SAMA DA TA KAN KOGI

Daga ƙasa mutum ba ya taɓa ganin magangarar gaba ɗayanta. Sai daga sama ake gane yadda kogin yake, da tsibiransa, da tsagar, da jerin kwazazzaban da muka ambata. Jirgi mai saukar ungulu yana zagayawa na kimanin minti 12 zuwa 15. A ɓangaren Zambiya akwai kuma wani ɗan ƙaramin jirgi mai kama da babur da fikafikai, mutum biyu kawai yake ɗauka, matuƙi da baƙo, iska na bugun fuska.

Wanda yake tare da iyali ko dattawa, abin da ya fi dacewa da shi shi ne yawon la'asar a jirgin ruwa, can sama da magangarar inda kogin yake kwance lumui. Cikin sa'o'i biyu za a ga dorina suna huci, kada suna shanya a gaɓa, wani lokaci giwaye suna iyo zuwa tsibiri, sannan rana ta faɗi ja wur a kan ruwa. Ya kamata mai karatu ya sani cewa akan haɗa kuɗin giya cikin tikitin irin wannan yawo, don haka wanda ba ya sha ya faɗa tun farko a tanadar masa lemo.

NAMUN DAJI DA GARURUWA

Kowane ɓangare yana da gandun dajinsa. Na Zambiya, mai suna Mosi-oa-Tunya, ƙarami ne, murabba'in kilomita 66, amma a nan ake iya takawa da ƙafa tare da masu gadi a ga farar karkanda, 'yan ƙalilan da ake tsaro da bindiga dare da rana saboda ɓarayin ƙaho. Akwai raƙumin dawa da jakin dawa da ɓauna da giwa. A ɓangaren Zimbabuwe akwai gandun Zambezi, wanda ya fi girma. Mai kwana ɗaya na rara kuma yana iya zuwa gandun Chobe a Botsuwana, tafiyar kimanin kilomita 80, wanda ya yi suna da yawan giwaye. A kan hanyar ne Kazungula take, inda ƙasashe huɗu suka kusan haɗa iyaka, aka kuma buɗe sabuwar gada mai tsawon mita 923 a watan Mayu na 2021. Giwaye sukan shigo har cikin garin Victoria Falls, musamman da rani, saboda haka ba a yawon ƙafa da dare a bayan gari.

Garin Livingstone shi ne hedikwatar Rodeshiya ta Arewa daga 1911 zuwa 1935, kafin a koma Lusaka. Gidan tarihinsa, wanda aka kafa a 1934, shi ne mafi tsufa a Zambiya. A ciki akwai wasiƙu da kayan Livingstone, da makaman dutse da aka tono a yankin, waɗanda suka nuna cewa mutane suna zaune a bakin wannan ruwa tun zamanin da ba a san ƙarfe ba. Ba da nisa ba akwai ƙauyen Mukuni na ƙabilar Leya, masu asalin wurin, inda ake zagayawa da baƙi su ga zaman mutane da masu sassaƙa. A ɓangaren Zimbabuwe akwai wata tsohuwar kuka da kewayenta ya haura mita 20, wadda matafiyan da suke yada zango a gindinta.

Abincinsu ba baƙo ba ne a wurinmu. Tuwon masara ne, a Zambiya a ce nshima, a Zimbabuwe a ce sadza, da miyar ganye da karfasa ko ƙananan kifi da suke kira kapenta. A gidajen abincin baƙi akan kawo naman daji har da na kada da na gadu, don haka a tambaya kafin a ɗiba. A kasuwar tsaraba akwai sassaƙen itace da na dutse da kwanduna, ciniki kuma sai an taya, abin da ba sai an koya wa Bahaushe ba. Za a kuma tallata maka tsohuwar takardar kuɗin Zimbabuwe ta dala tiriliyan 100, wadda aka fitar a 2009 lokacin da kuɗinsu ya lalace. Malamin da ya sayo guda ya sami abin koyar da hauhawar farashi har ya yi ritaya. Amma duk abin da aka ce na hauren giwa ne a guje shi, gama an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma tsarabar tana iya ƙarewa a hannun 'yan kwastan tare da mai ita.

SHIRIN TAFIYA DA ALJIHU

Daga Akra ana bi ta Adis Ababa ko Nairobi ko Johannesburg, a sauka a filin jirgin Victoria Falls ko na Harry Mwaanga Nkumbula da ke Livingstone. A tafi da katin allurar shawara, domin ana tambayarsa ga wanda ya fito daga yankinmu. Wurin yana da sauro, a sha maganin rigakafin zazzaɓi. Dokar biza ta bambanta tsakanin ƙasashen biyu, tana kuma sauyawa, don haka mai niyyar ganin ɓangarorin biyu ya bincika a ofisoshin jakadancinsu kafin ya sayi tikiti. A Zambiya kwaca ake kashewa, a garin Victoria Falls kuwa dalar Amurka ce ta fi tafiya.

Maganar kuɗi ba ta da daɗin ji. A 2023 Zimbabuwe ta ɗaga kuɗin shiga daga dala 30 zuwa 50 ga baƙon waje, kuma shiga ɗaya ce, in ka fita ka dawo sai ka sake biya. Na Zambiya ya fi sauƙi. Jirgin sama da faɗawa daga gada da kwale-kwalen roba, kowannensu ya haura dala 100 ga mutum ɗaya. 'Yan ƙasa da 'yan ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka suna da rangwame, amma mu na yammacin Afirka daidai da Ba'amurke da Bajamushe muke biya. A ganinmu wannan abin dubawa ne ga shugabannin da kullum suke maganar haɗin kan Afirka. Malamin makaranta daga Tamale da attajiri daga Landan ba aljihunsu ɗaya ba. Duk da haka, mai ƙaramin ƙarfi kada ya karaya. Kwana biyu, da kuɗin shiga ɓangare ɗaya, da takawa kan gada, da gidan tarihi, sun wadatar. Sauran duk ƙari ne.

GOBEN WURIN

A ƙarshen 2019 hotunan busasshen dutse suka bazu a duniya, aka yi ta cewa magangarar ta ƙafe. Shugaban Zambiya na lokacin, Edgar Lungu, ya danganta abin da sauyin yanayi. Mazauna wurin kuwa suka fusata, suka ce ɓangaren gabas ne aka ɗauka a lokacin da dama yakan bushe, labarin kuma ya kore musu baƙi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa: ruwan bai ƙafe ba, amma farin na wannan shekara ya yi tsanani. Kafin su farfaɗo sai annobar 2020 ta rufe iyakoki, masu sassaƙa da direbobi da ma'aikatan otal suka zauna babu aiki. A 2024 wani farin ya sake aukuwa, har Zambiya ta ayyana shi a matsayin bala'i na ƙasa, ruwan madatsar Kariba ya yi ƙasa, aka shiga ɗauke wuta irin wadda mu nan muka sani da sunan dumsor.

Wannan ƙishin lantarki ne ya sa ƙasashen biyu suka daɗe suna shirin gina wata madatsa a kwazazzabon Batoka, mai ƙarfin megawat 2,400. Idan aka gina ta, tafkin da zai taru zai haɗiye da yawa daga wuraren da ake wasan kwale-kwale, da abincin mutanen da suka dogara da su. Mu da muka san Akosombo, wadda ta ba mu wuta ta kuma tashi mutum kusan 80,000 daga gidajensu, mun san irin wannan ciniki. Su ma sun sani, gama Kariba ta tashi 'yan Tonga kimanin 57,000 a ƙarshen shekarun 1950. Bugu da ƙari, a 2022 wata tawagar UNESCO ta nuna damuwa kan yawan otal-otal da gine-ginen da ake yi dab da bakin ruwan. Baƙon da ya je yana da ɗan abin da zai iya: ya ɗauki ja-gora ɗan gari, ya sayi tsaraba a hannun wanda ya sassaƙa ta, kada ya bar leda a kurmi.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da shugabannin ƙungiyoyin matasa na zango. Ba kowa ne zai kai Zambezi ba, amma Wli da Boti da Kintampo suna nan kusa, kuma yaron da ya tsaya gaban ɗayansu zai fahimci darasin kogi fiye da wanda ya kwafa daga allo. Sai dai a yi shiri. Ba mu manta da watan Maris na 2017 ba, lokacin da iska ta kayar da babbar bishiya a magangarar Kintampo ta hallaka mutum kusan 20, akasarinsu ɗaliban sakandare. A duba yanayi kafin a tashi, a ƙidaya yara a shiga, a ƙidaya su a fita, in hadari ya haɗo a fitar da kowa daga ruwa. Wanda kuma ya sami ikon zuwa Mosi-oa-Tunya, muna roƙonsa ya rubuto mana abin da ya gani domin sauran masu karatu su amfana.